Kiɗan Herbie Nichols a hannun makaɗan fiyano uku: wane faifai ya kamata a fara da shi?

Herbie Nichols, makaɗin fiyano kuma mai tsara kiɗan jaz, ya rasu a birnin New York ranar 12 ga Afrilu 1963 yana da shekara 44, bayan ya yi fama da kansar jini, kuma faya-fayan da ya bari da sunansa ba su taka kara sun karya ba idan aka auna su da yawan kiɗan da ya rubuta. Ana ƙiyasta cewa ya tsara kaɗe-kaɗe kusan 170, amma waɗanda ya samu damar ɗauka da hannunsa ba su kai sulusin wannan adadi ba. An haife shi a 1919 a Manhattan, iyayensa baƙi ne daga tsibiran Karebiyan, ya tashi a unguwar Harlem, kuma ya shafe mafi yawan shekarunsa na aiki yana neman abinci a ƙungiyoyin da ke buga tsohon salon jaz na Dixieland, inda babu mai tambayarsa abin da ya rubuta. Sai a 1955 Alfred Lion na kamfanin Blue Note ya buɗe masa ƙofa, bayan shekaru yana kai gwauro yana kai mari. Daga nan aka samu faya-fayai biyu na The Prophetic Herbie Nichols tare da Art Blakey a kan ganga, sai Herbie Nichols Trio na 1956 tare da Max Roach, sai kuma Love, Gloom, Cash, Love da kamfanin Bethlehem ya ɗauka a 1957. Mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba sun san kiɗansa guda ɗaya, wato wanda mawaƙiya Billie Holiday ta ɗora wa baituka ya zama Lady Sings the Blues.

Tun daga shekarun 1980 makaɗa da dama suka ɗauki nauyin fito da wannan kiɗa daga inda aka binne shi, kuma uku daga cikinsu makaɗan fiyano ne da kowannensu ya bi hanya dabam: Misha Mengelberg na ƙasar Holan da faifansa Change of Season, Frank Kimbrough na Amurka da ƙungiyar Herbie Nichols Project, musamman faifansu Strange City, da Simon Nabatov, haifaffen Mosko mazaunin Jamus, da faifansa Spinning Songs of Herbie Nichols. Wanda yake da lokaci da halin sauraren dukkansu ba shi da matsala. Wannan rubutu na wanda yake son ya zaɓi ɗaya ne ya zauna da shi, ya saurare shi har ya san lungu da saƙonsa, kafin ya matsa gaba.

Kafin a auna su, dole a san abin da ake aunawa da shi. Abu biyu ne suka bambanta Nichols da sauran tsararrakinsa. Na farko shi ne matsayin da ya bai wa ganga. A yawancin jaz na wancan zamani mai ganga yana riƙe lokaci ne a baya, sai an kusa ƙarshe a ba shi ɗan fili ya nuna gwaninta. Nichols kuwa a cikin ginin kiɗan kansa yake rubuta wa ganga gurbi: fiyano ya faɗi gajeriyar jimla, ya yi shiru, ganga ta amsa, sannan fiyano ya dawo, kusan yadda kalangu ke mayar wa goge magana a hannun makaɗan da suka daɗe tare. Wanda ya saurari mabuɗin The Third World da Blakey, ko The Gig da Roach, zai ji cewa idan aka cire amsar gangar, jimlar ta zama rabi. Abu na biyu shi ne tsawon sassan kiɗansa. Tsarin da aka saba da shi a waƙoƙin Amurka na lokacin gaɓa 32 ne, a kasa su takwas-takwas, har kunne ya riga ya san inda za a juya. Nichols yakan ƙara wa sashe tsawo ko ya ɗora masa jela, ta yadda mai saurare zai yi tsammanin an iso gida sai ya tarar akwai sauran kwana. Akwai kuma wani giɓi da ya kamata a riƙe a zuci: duk faya-fayan Blue Note da na Bethlehem da mutum uku aka yi su, fiyano da bas (babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya) da ganga, alhali an san ya yi burin jin kiɗansa a bakin masu busa, burin da bai cika ba har ya bar duniya. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane faifan karramawa ita ce me ya yi da gangar, me ya yi da wannan buri na busa, kuma me ya ba ni wanda ba zan samu ba a faya-fayan Nichols na asali.

Mengelberg ne ya riga sauran. An haife shi a Kyiv a 1935, ya girma a Holan, ya yi wa Eric Dolphy kiɗa a faifan Last Date na 1964, kuma a 1967 shi da Han Bennink da Willem Breuker suka kafa ƙungiyar Instant Composers Pool, wadda ta shahara da ƙirƙirar kiɗa nan take a gaban jama'a da kuma barkwancin da ba a saba gani a dandalin jaz ba. A 1982 ya shiga faifan Regeneration tare da Roswell Rudd, mai busa turombon wanda ya yi aiki da Nichols a shekarunsa na ƙarshe kuma ya koyi kaɗe-kaɗe da dama daga gare shi kai tsaye, amma wancan faifai rabinsa na Nichols ne rabinsa na Thelonious Monk, shahararren makaɗin fiyano na zamaninsa. Change of Season, wanda aka ɗauka a Milan a 1984 domin kamfanin Soul Note, shi ne wanda aka keɓe wa Nichols gaba ɗaya: kiɗa bakwai, da Steve Lacy a kan ƙaramin saksofon mai siririyar murya, George Lewis a kan turombon, Arjen Gorter a kan bas, Bennink a kan ganga.

Ƙarfin wannan faifai yana hannun Bennink da Lacy fiye da hannun mai fiyanon. Bennink mutum ne da a dandali yakan sauko daga kujera ya riƙa kaɗa daɓen ƙasa ko duk abin da sandarsa ta taɓa, amma a ƙarƙashin wannan wasa akwai makaɗin da ya haddace tsohon salon ganga na jaz tun daga tushe, kuma a nan wannan ɓangaren nasa ne ya fi fitowa. Ya fahimci cewa gurbin da Nichols ya bari a kiɗa gurbin magana ne, sai ya cika shi da amsa mai nauyi, wani lokaci da ƙarar da za ta sa mutum ya zabura. A House Party Starting, wanda ya buɗe faifan, ana jin karin kiɗan yana tafiya a hankali da wani duhu-duhu da bai yi kama da shirin biki ba, Lacy yana furta kowane sauti tsaf ba tare da ado ba, Lewis yana binsa daga ƙasa da murya mai kauri, kuma nan take mutum zai gane dalilin da ya sa Nichols ya so masu busa. Karin da a fiyano yakan ɓuya cikin cunkoson yatsu, a bakin Lacy ya fito fili har ana iya rera shi. Lacy ya shafe shekaru yana nazarin kiɗan Monk, har shi da Rudd suka yi wata ƙungiya a farkon shekarun 1960 da kusan ba ta buga komai sai Monk, kuma wannan horo na mutunta karin kiɗa kafin a fara yi masa kwaskwarima ya yi wa Nichols rana.

Inda nake da ja shi ne fiyanon Mengelberg kansa. Salonsa na barin sarari ne, ya danna sauti biyu ko uku masu karo da juna, ya dakata, ya yi kamar ya yi tuntuɓe da gangan, kuma wannan ya fi kusa da Monk nesa ba kusa ba. Nichols ba haka yake buga fiyano ba. Hannunsa na hagu cike yake, yana gurnani a ƙasa, na dama kuma yana ta juya karin kiɗan yana dawowa kansa ba ya sakinsa. Wanda ya fara sanin Nichols ta hanyar Mengelberg zai iya ɗauka cewa ƙanen Monk ne kawai, kuma wannan ita ce fahimtar da ta daɗe tana danne sunansa tun yana raye, duk da cewa Nichols kansa yana cikin waɗanda suka fara rubuta yabon Monk a jarida a shekarun 1940. Wannan aibi ne na gaske, amma bai rushe faifan ba, domin abin da aka rasa a fiyano an same shi a ganga da busa, kuma akwai wata walwala a cikinsa, irin ta mutanen da suke jin daɗin abin da suke bugawa ba tare da fargabar ɓata wa mamaci suna ba.

Aikin Kimbrough na wani irin mutum ne dabam. An haife shi a 1956 a jihar North Carolina, ya daɗe yana riƙe da fiyano a babbar ƙungiyar Maria Schneider, ya koyar a makarantar Juilliard, kuma shekara biyu kafin rasuwarsa a ƙarshen 2020 ya fitar da Monk's Dreams, inda ya buga kaɗe-kaɗen Monk guda 70 a faya-fayai shida. Mutum ne mai haƙurin bin abu har ƙarshensa. A tsakiyar shekarun 1980 ya fara zama da faya-fayan Nichols yana saurare yana rubuta kiɗan a takarda sauti bayan sauti, domin babu littafin da mutum zai saya ya same su. Daga baya shi da Ben Allison, mai bas, suka kafa Herbie Nichols Project a ƙarƙashin inuwar Jazz Composers Collective ta New York, suka kuma bi sawun takardun da Nichols ya ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka domin kare haƙƙin mallakarsa, inda suka samo kaɗe-kaɗen da babu wanda ya taɓa ɗaukarsu a faifai. Sun fitar da faya-fayai uku: Love Is Proximity a 1997 da Dr. Cyclops' Dream a 1999, dukkansu a Soul Note, sai Strange City a 2001 a kamfanin Palmetto.

Na ukun nake ba da shawara a cikinsu, saboda a nan ne ƙungiyar ta fi cika kuma ta fi nisa da abin da aka riga aka sani. Masu busa huɗu ne, Ron Horton a kan ƙaho, Ted Nash da Michael Blake a kan saksofon, Wycliffe Gordon a kan turombon, ga Matt Wilson a kan ganga, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa kiɗa ne da Nichols bai taɓa ɗauka ba. Wannan ya sauya yanayin aikin baki ɗaya. Mengelberg, a biyar daga cikin kiɗa bakwai na faifansa, yana da faifan asali da zai bi ko ya saɓa wa. Kimbrough da Allison kuwa takarda suka tarar, ɗauke da karin kiɗa da jerin amon da ke tallafe da shi, sai ya zama su ne za su yanke hukuncin saurin tafiyarsa, da wanda zai ɗauki kari, da inda ganga za ta shigo. Saboda haka mai sauraren Strange City ya sani cewa hannun masu tsarawa yana da yawa a cikin abin da yake ji, kuma ba kowane launi ba ne na Nichols. Duk da haka ƙashin ginin nasa ne, ana gane shi ta waɗannan kwanonin da ba a zata ba da kuma karin da ke tafiya tsakanin fara'a da baƙin ciki ba tare da ya zauna a ɗaya ba.

Abin da faifan ya fi Change of Season da shi a bayyane yake. Busa huɗu suna ba da damar a shimfiɗa amon Nichols, wanda a fiyano yake dunƙule a tafin hannu ɗaya, a raba shi murya-murya har a ji yadda kowane sauti ke gogar ɗan'uwansa. Ɗaukar sautin ma ta fi tsafta, kuma fiyanon Kimbrough, mai taushin taɓawa, ba ya jan kunne zuwa Monk. Abin da ya rasa shi ne kaifi. Tsarin yana da kyau har wani lokaci ya yi santsi fiye da kima, kuma duk da cewa Wilson makaɗi ne mai dabara da raha, gangar a nan ɗaya ce daga cikin muryoyi bakwai, ba abokiyar gardamar fiyano ba kamar yadda take a faya-fayan Blue Note. Kimbrough kansa yakan ja da baya ya bar wa masu busa fili, wanda hali ne mai kyau ga jagoran ƙungiya, amma wanda ya zo neman jin yadda makaɗin fiyano na wannan zamani zai yi kokawa da rubutun Nichols zai so a ce ya ƙara fitowa gaba.

An yi sa'a akwai kiɗa biyu da suka fito a faya-fayan biyu, The Happenings da Change of Season, kuma dukkansu Nichols bai ɗauke su da kansa ba, don haka babu alƙalin da za a koma wa. Sauraren su a jere shi ne hanya mafi sauri ta gane bambancin mutanen biyu. A wajen Mengelberg kiɗan tsirara yake, busa biyu da sarari mai yawa a tsakaninsu, ana jin kowane mutum da halinsa. A wajen Kimbrough an yi masa sutura, an daidaita muryoyi, an san inda kowa zai tsaya. Wanda ya fi son na farko zai fi jin daɗin faifan Milan gaba ɗaya, wanda kuma na biyu ya fi kwanta masa ba zai yi nadamar Strange City ba.

Nabatov bai buƙatar dogon bayani, ba don aikinsa ya gaza ba, sai don masu buƙatarsa sun fi ƙanƙanta. An haife shi a 1959, ya bar Tarayyar Sobiyet a 1979, ya yi karatu a Juilliard, daga baya ya zauna a birnin Cologne. Faifansa, wanda kamfanin Leo Records ya fitar a 2012, fiyano ne shi kaɗai, babu ganga babu busa, wato ya cire abin da Nichols ya gina kiɗansa a kai, bai kuma kawo abin da Nichols ya yi buri ba. Sai ya zama dole hannayensa biyu su yi aikin mutum uku, kuma yana da ƙwarewar da zai iya: yakan tashi daga tsohon salon fiyanon Harlem mai tsalle da hannun hagu ya faɗa cikin guguwar sauti irin ta kiɗan Turai na zamani, ya wargaza kari ya watsa gutsattsarinsa, sai can a tsakiya ko kusa da ƙarshe ya tattaro shi ya miƙa maka cikakke. Daɗin wannan yana ga wanda ya riga ya haddace karin, domin shi ne zai gane gutsuren idan ya gifta. Ga wanda bai san The Spinning Song ba, abin da zai ji shi ne gwanin fiyano yana nuna iyawarsa, kuma Nichols zai wuce ta gabansa bai gan shi ba. Ɗalibin fiyano da ya yi nisa zai ƙaru da shi ƙwarai, musamman wajen ganin yadda ake maye gurbin amsar ganga da shiru ko da bugun hannun hagu.

Idan aka ce in zaɓa wa wanda bai san komai game da Nichols ba, Change of Season zan miƙa masa, da sharaɗi guda: ya haɗa shi da Herbie Nichols Trio na 1956. Dalili shi ne House Party Starting da Hangover Triangle da Terpsichore da Spinning Song duk suna cikin faya-fayan biyu, don haka zai iya jin kowanne a hannun mai shi, sannan ya ji shi a bakin Lacy da Lewis, kuma faifan asalin zai gyara masa kuskuren da fiyanon Mengelberg zai iya jefa shi a ciki. Ba tare da wannan sharaɗi ba, shawarar tawa ta raunana sosai. Wanda kuwa ya riga ya mallaki tarin Blue Note, ko na kamfanin Mosaic na 1987 ko wanda Blue Note ta sake fitarwa a faya-fayai uku a 1997, ya kuma san abin da ke ciki, to Strange City ne zai fi ba shi riba, domin shi ne kaɗai a cikin ukun da mafi yawansa sabon abu ne ga kunnensa. Haka nan mai koyar da kiɗa ko mai jagorantar ƙungiyar da ke da masu busa, wanda yake son ya ga yadda ake ɗaukar rubutun da aka yi a kan fiyano a raba wa mutum bakwai, a nan zai samu darasi. Akwai kuma mai sauraren da ƙarar ganga da barkwanci ke gajiyar da shi, wanda yake son kiɗan da zai kunna da dare ya zauna lafiya da shi. Shi ma Kimbrough ya fi dacewa da shi ko da bai taɓa jin asalin ba.

Regeneration na 1982 bai shiga wannan gasa ba saboda kiɗan Nichols uku ne kawai a cikinsa, amma yana da abin da sauran ba su da shi, wato Rudd, mutumin da ya tsaya kusa da fiyanon Nichols ya ji yadda yake son a buga kiɗansa. Wanda Change of Season ya kama shi zai so ya bi da wannan kafin ya je ga Nabatov, ko don ya ji Blue Chopsticks da 2300 Skiddoo a bakin wanda ya san mai su. Rudd ɗin ne kuma ya fitar da faya-fayai biyu na The Unheard Herbie Nichols a kamfanin CIMP a tsakiyar shekarun 1990, ya kuma buga littafin kaɗe-kaɗen Nichols 27 da ba a taɓa wallafawa ba a shekara ta 2000, wanda shi ne abin da makaɗin da ke son ya gwada hannunsa zai nema bayan ya gama saurare.